Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Legas Ta Tagar Motar Haya



Akwai wata hanya guda da akasarin manyanmu na Arewa suke bi idan aiki ya kai su Legas, kuma kusan ba ta sauyawa. Jirgin sama ya sauke mutum a filin jirgi na Murtala Muhammed da ke Ikeja, mota mai sanyi tana jiransa a bakin ƙofa, a ɗauke shi a bi ta Oshodi da Oworonshoki a hau gadar Third Mainland, a yi tafiyar kilomita 11.8 a kan ruwa, a sauka a tsibiri. Daga nan sai otal a Ikoyi ko Victoria Island, sai ɗakin taro, sai wurin cin abinci. Bayan kwana biyu ko uku a sake biyo gadar nan a koma filin jirgi. Mutum ya yi irin wannan zuwa sau ashirin, ya dawo gida ya zauna a majalisa yana ba da labarin Ikko babu ko tantama, alhali abin da ya gani na garin bai wuce abin da gilashin mota ya ƙyale shi ya gani ba.

Labarin da ake dawowa da shi yakan zo iri biyu. Wani zai ce maka mutanen can sun tsere mana fintinkau, ya lissafa benaye da bankuna da gadoji, ya ƙare da zagin shugabanninmu. Wani kuma zai ce maka Legas gari ne na tashin hankali, inda ɗan Arewa ke zaman ɗar-ɗar yana jiran ranar da za a far masa. Kowannensu yana da ɗan abin da ya riƙa na gaskiya, amma su duka biyun hangen Dala suka yi. Da a ce abin ya tsaya a hirar majalisa ne, da ban ɓata tawada a kansa ba. Damuwata ita ce waɗannan mutane su ne ke fitar da sanarwa da sunan Arewa duk ranar da rikici ya tashi a wata kasuwa a kudu, kuma su ne ke zama su yanke shawarar irin aikin da za a zuba wa biliyoyin naira a biranenmu, suna cewa haka suka ga ana yi a Legas.

Tsibirin da baƙo ke sauka ɗan yanki ne ƙarami. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomin Tsibirin Legas da Eti-Osa, waɗanda suka ƙunshi Marina da Ikoyi da Victoria Island da Lekki, jimillar mutanensu kimanin rabin miliyan ne. Alimosho kuwa, wadda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunanta ba, ita kaɗai ta haura miliyan 1.2. Gwamnatin jihar ta yi jayayya da alƙaluman ƙidayar baki ɗaya, ta ce an tauye ta, sai dai babu mai musun cewa jama'ar Legas a ɓangaren tudu take, a Mushin da Agege da Oshodi da Ajegunle da Ketu da Ikotun da Ikorodu. Tsibiri wurin neman abinci ne, da asuba a kwarara cikinsa ta gadoji uku, da yamma a kwararo. Har ma wurin da wasu manyan gine-ginen suke tsaye a gefen Victoria Island, yankin da ake kira Oniru yanzu, a da unguwar talakawa ce mai suna Maroko, wadda gwamnatin soja ta rushe a watan Yulin 1990, aka watsa mutum kimanin 300,000 bisa ƙiyasin da aka fi ambata. Bayan gari aka tura su, kuma daga bayan garin ne ake cika motocin asuba.

Shawarata ga duk wanda Allah ya kai shi garin nan da lafiyarsa da ɗan sarari ita ce ya ware yini guda, ya sallami direba, ya sayi katin shiga mota. Sunan katin Cowry, wato wuri, kuɗin kakanninmu, kuma da shi ake shiga manyan bas-bas na BRT da jiragen ƙasa biyu na cikin gari da jiragen ruwan gwamnati. Ana sayensa a manyan tashoshi, a zuba masa kuɗi, a riƙa dangwala shi a jikin na'ura a bakin shiga. Ni haka nake yi duk sa'ad da na samu zarafi, kuma dabarar da na riƙe ita ce saɓa wa jama'a: da safe suna shiga tsibiri ina fita, da la'asar suna fita ina komowa. Mai yin haka zai samu kujera kusa da taga, kuma zai ga cunkoson ɗaya hannun da idonsa ba tare da ya ɗanɗana shi ba.

Mafi sauƙin farawa shi ne bas ɗin da ke tashi daga dandalin Tafawa Balewa ya nufi Ikorodu. An fara wannan tsari na BRT a watan Maris na 2008 tsakanin CMS da Mile 12, aka tsawaita shi zuwa Ikorodu a 2015. Asirinsa ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. An yanki hannu ɗaya na titi, an katange shi da dakalin siminti, an ce bas kaɗai zai bi. Kana zaune cikin ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai sai ka ga ana wuce jerin motocin masu hali da suka tsaya cik a gefe, kowanne da direbansa yana zufa. Abu ne da ba kasafai ake ganin irinsa a ƙasar nan ba, a ce hukuma ta fifita mai kuɗin mota a kan mai motar kansa.

Bas ya ƙetare gadar Eko, ya bi ta Costain da filin wasa na ƙasa a Surulere, ya miƙe kan titin Ikorodu ta Fadeyi da Onipanu da Anthony da Maryland. Benaye suna ta raguwa, shaguna suna ta ƙaruwa, masallaci da coci katanga ɗaya, kowanne da lasifikarsa. A Ojota za ka ga dandalin Gani Fawehinmi, inda aka yi dandazon zanga-zangar janye tallafin mai a Janairun 2012, kuma hancinka zai sanar da kai cewa babbar bolar Olusosun tana kusa. Sai Ketu. Daga nan a shirya sauka, domin tasha ta gaba ita ce Mile 12.

Duk ɗan Arewa da ke son ya yi magana a kan dangantakarmu da kudu, ya kamata ya taɓa yini a wannan kasuwa. Nan ne cikin Legas yake cika. Tirela-tirela ce jere, wasu sun yi tafiyar kilomita dubu ko fiye, da tumatirin Kura da Kadawa, da albasar Aliyaro da Sakkwato, da dankalin Filato, da doyar Binuwai da Neja, da attaruhu da tattasai. 'Yan dako suna gudu da kwando a ka, ƙasa kuwa ta yi laushi da ruwan tumatir, shi ya sa nake gargaɗin mai zuwa ya bar fararen kayansa a otal. Harshe uku ake ciniki da su, Hausa da Yarbanci da broka, kuma sau da yawa a bakin mutum guda. Za ka ji dillali Bakano yana tsokanar wata iya da Yarbanci tsantsa, ita kuma tana mayar masa da Hausa, tana ce masa sai ya rage.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne yadda dukiya ke yawo a kan amana. Mai kaya yana can Arewa, ya loda mota ya buga waya. Dillali a Legas ya karɓa, ya sayar, ya cire la'adarsa da kuɗin mota, ya tura sauran. Matan da ke sarin kwanduna su kai ƙananan kasuwanni, da yawansu bashi suke ɗauka, su sayar su kawo kuɗi su sake ɗauka. Mutanen da suka shekara ashirin suna irin wannan hulɗa sun san juna fiye da yadda masu yi musu magana a rediyo suka san su. Ba ina cewa zaman lafiya lau ba ne. A watan Maris na 2016 an yi mummunan rikici a yankin, an rasa rayuka, an ƙona dukiya, gwamnati ta rufe kasuwar na wasu kwanaki. Amma ranar da aka buɗe, masu sari da masu sayarwa ɗin nan ne suka dawo suka fuskanci juna, domin babu inda ɗayansu zai je.

Sai a tuna abin da ya faru a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya kudu na kusan mako guda. Fushin yana da dalili, domin an kashe mutane kuma an yi asarar dukiya. Farashin tumatir da nama ya tashi a Legas, aka yi ta murna a kafafen sada zumunta cewa an nuna musu iyakarsu. A daidai wannan lokaci farashin ya faɗi warwas a kasuwannin Arewa, kayan gwari suna ruɓewa a hannun manomin da ya ci bashi ya yi noman rani. Masu zuga daga nesa babu wanda ya rasa kwando ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa a Mile 12 ya ga yadda igiyar take a ɗaure ta kowane ɓangare ba zai yi saurin cewa a tsinke ta ba.

Mai sauran ƙarfi yana iya sake hawa bas ya ƙarasa Ikorodu, ya wuce kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin da fadamar Majidun. Ikorodu tsohon gari ne mai sarkinsa, wanda Legas ta miƙo hannu ta haɗiye. Akwai Sabo a can, kamar yadda akwai Sabo a Yaba, kuma mai karatu ya san cewa a ƙasar Yarbawa wannan suna namu ne, takwaran Sabon Garin da muka ware wa baƙinmu a Kano da Zariya. Daga tashar jiragen ruwa ta garin ana iya komawa tsibiri ta kan tafki, a sa rigar kariya a zauna shiru. Wanda ruwa ke ba shi tsoro, kamar yawancinmu mutanen tudu, bas yana nan.

Hanya ta biyu ita ce ta jirgin ƙasa da suke kira Jan Layi, kuma ita na fi so. An ƙaddamar da shi a ranar 29 ga Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na shekarar. Tsawonsa kilomita 27 ne, tasha takwas, daga Oyingbo zuwa Agbado, kuma yana bin hanyar tsohon layin dogo da ya haɗa Ikko da Kano tun 1912. Wato hanyar da gyaɗa da fata suka biyo zuwa teku, goro da atamfa da gishiri suka bi zuwa Arewa, ita ce yanzu ke ɗaukar ma'aikatan banki zuwa ofis.

Oyingbo kasuwa ce tsohuwa, har Yarbawa suna da karin magana cewa ba ta sanin wani bai zo ba. Yaba unguwar ilimi ce, da kwalejin fasaha da aka kafa a 1947, da Jami'ar Legas a Akoka nan kusa, da kasuwar Tejuosho, da matasa masu kamfanonin manhajar kwamfuta. Mushin cunkoso ce tsagwaronta, gida a jikin gida. Daga nan ba nisa zuwa Idi-Araba, inda babban asibitin koyarwa yake, inda kuma akwai tsohuwar unguwar Hausawa da ta ga bala'i a rikicin Fabrairun 2002. Oshodi, wadda a da sunanta kaɗai ke sa matafiyi ya dafe aljihu, an share ta a 2009, an gina mata babbar tashar mota mai rassa uku da aka buɗe a 2019. Ikeja ce hedikwatar jihar, kuma kasuwar wayoyi da kwamfutoci da ta yi suna tana dab da tashar. Duk waɗannan ta taga za a gan su cikin 'yan mintoci. Wurin sauka shi ne Agege.

Goro ne ya kai Hausawa Agege. Kakanninmu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna tafiya Gwanja da jakuna, wata da watanni, don ɗauko shi. Da Turawa suka zo, sai hanya ta juya: a ɗauko goron ta jirgin ruwa zuwa Ikko, a loda shi a jirgin ƙasa zuwa Arewa. Daga baya manoman yankin Agege da Ota da Shagamu suka dasa irin goron da Bahaushe yake so, sai ya zama babu buƙatar zuwa nesa. Fatake suka kafa zango kusa da tashar jirgi, masu masauki suka gina ɗakunan baƙi da na ajiyar huhu, mahauta da malamai da wanzamai suka biyo baya. Yau shekara fiye da ɗari ke nan. Unguwar tana da Sarkin Hausawanta, da masallatanta, da makarantun allonta. A nan kusa, a Oko-Oba, babbar kwatar jihar take, inda shanun da suka fito daga Arewa da Nijar da Chadi suke ƙare tafiyarsu. A Agege ɗin nan kuma Markaz take, makarantar Larabci da Shehu Adamu Abdullahi al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita nan, malamin da ya rubuta littafi a kan Musulunci a Nijeriya da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ya ɗauka cewa ilimin addini a Zariya ko Sakkwato ya tsaya, ya je ya ji yadda ɗaliban wurin suke sarrafa Larabci.

A Agege za ka haɗu da Bahaushen da a nan aka haifi kakansa. Yarbanci a bakinsa kamar ɗan Isale Eko, Hausarsa kuma da wani ɗan karin da ba na Kano ba ne, ba na Katsina ba. Yana da gida, yana biyan haraji, yana jefa ƙuri'a a nan, wani ma ya yi surukuta da maƙwabta. Idan ka tambaye shi garinsu zai ambaci wani gari a Arewa da mai yiwuwa sau biyu ya taɓa zuwa. Wani dattijo da na zauna a rumfarsa, bayan mun gaisa ya tura yaro ya kawo mini shayi da burodin nan na Agege da ya yi suna, ya ce mini abin da ya fi tsoro a zamansa shi ne ranar da wani babba a Kaduna ko Abuja zai hau mumbari ya yi barazana da sunan kare su. Mai maganar zai koma gidansa ya kwanta, su kuma su wayi gari da maƙwabcin da ya ji maganar a rediyo. Na ce, “Baba, ai don kishinku ake yi.” Ya yi murmushi ya ce, “Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.”

Ban da waɗannan tsofaffin mazauna, akwai wani rukuni dabam, kuma haɗa su wuri ɗaya kuskure ne da masu sharhi na kudu da na Arewa duka suke yi. Su ne samarin da suka sauko cikin 'yan shekarun nan a bayan tirelar shanu ko ta albasa, daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka hana noma, ko daga Barno da Yobe. Ba ci-rani irin na da suka zo ba, wanda ake komawa gida da faɗuwar ruwan farko, domin da yawansu babu gonar da za su koma mata. Ba su da mai masauki, ba su jin yaren gari. Suna kwana a kasuwa, ko a barandar masallaci, ko a kangon gini. Sana'arsu jari-bola, da tura kurar ruwa, da gyaran takalmi, da gadi, da acaɓa. Da gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta ƙara huɗu a watan Satumba, su ne suka fi ji a jikinsu. An yi ta cewa ƙiyayya ce ga ɗan Arewa. Ni dai ina tuna cewa Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013, kuma babu wanda ya kira shi ƙabilanci. Tambayar da ta fi cancanta ita ce abin da ya raba yaro ɗan shekara sha bakwai da ƙauyensu har ya ga kwana a ƙarƙashin gada a Legas ya fi masa, kuma amsar wannan tambaya tana gidanmu.

Idan aka koma jirgi, bayan Agege sai Iju, inda aka gina matatar ruwan birnin tun 1915, sai Agbado, ƙarshen layi. Agbado ma ba a cikin Jihar Legas take ba, a Ogun take. Kuɗin haya ne ya kora mutane har suka tsallake iyakar jiha, suna kwana a wata jihar suna aiki a wata. Kafin zuwan jirgi, mai aiki a tsibiri daga wannan yanki kan bar gida tun kafin kiran assalatu, ya dawo bayan lisha, 'ya'yansa sai ranar Lahadi suke ganinsa ido biyu. Amfanin jirgi shi ne ya mayar wa irin wannan mutum awa biyu ko uku na rayuwarsa a kullum, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Idan aka auna shi da hakan, to da sauran aiki. Sawun Jan Layi ƙidayayyu ne a rana, safe da yamma, kuma bai kai ga tsibiri ba, a Oyingbo yake tsayawa. Ɗan uwansa Shuɗin Layi, mai aiki da lantarki, wanda ya fara jigila a ranar 4 ga Satumbar 2023, kilomita 13 ne kacal daga Marina zuwa Mile 2, tasha biyar, kuma an shafe shekara fiye da goma ana gininsa. Tun 1983 Gwamna Lateef Jakande ya fara aikin jirgin cikin gari, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, Legas ta jira kusan shekara arba'in kafin ta ga na farko. Duk da haka hawansa da daɗi. Yana tashi a sama daga Marina, ya ƙetare ruwa, ya wuce babban ɗakin wasannin ƙasa na Iganmu da aka gina domin bikin Festac na 1977, ya isa Mile 2 cikin ƙasa da rabin awa. Gargaɗi ɗaya ga baƙo: tashar da aka rubuta wa Alaba a wannan layi, Suru-Alaba ce. Babbar kasuwar kayan lantarki ta Alaba da Alaba Rago, inda mutanenmu suke da yawa, suna can gaba sosai a yankin Ojo, sai an sauka a Mile 2 an shiga danfo an bi titin Badagry.

Danfo kuwa, ƙaramar bas ɗin nan ruwan ɗorawa mai baƙin zane, har gobe ita ce uwar sufurin Legas. BRT da jirage manyan hanyoyi kawai suke bi, lunguna nata ne. Ba ta da jadawali, ba ta da kati, kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran sunayen unguwanni da saurin da kunnen baƙo ba ya kamawa, 'yan kamasho suna bin ta da gudu a kowace tasha suna karɓar nasu. Kuɗinta yana hawa idan hadari ya haɗo. Mai shiga ya tanadi canji, ya koyi faɗin “o wa” idan ya iso inda zai sauka, ya kuma shiga a tasha inda ake lodi a bainar jama'a, domin 'yan fashin da ake kira wan-cans a bakin hanya suke ɗaukar mutum. Waya ta zauna a aljihu idan ana kusa da taga. Bayan wannan, abin da na gani a danfo shi ne abin da ake gani a kowace motar haya a ƙasar nan: a miƙa kuɗi hannu da hannu daga kujerar baya, a karɓi jaririn wata a riƙe mata, a haɗu a yi wa direba ca idan ya yi ganganci, kuma idan ka ce kai baƙo ne mutum uku za su yi gardama a kan hanyar da ta fi maka sauƙi.

Abin takaici shi ne irin tsarabar da shugabanninmu suke kawo mana daga wannan gari. Gadar sama suka gani ta gilashin mota, gadar sama suka dawo suna ginawa, har ta zama ma'aunin gwamnan da ya yi aiki. Gada tana da amfaninta, amma mai mota take yi wa hidima, kuma cunkoson da ta kwashe a wannan mahaɗa tana sauke shi a ta gaba. Dakalin simintin da ya ware wa bas hanyarsa bai kai gada tsada ba, bai kuma kai ta kyau a hoto ba, shi ya sa babu mai sha'awarsa. Ma'aikacin da ke fitowa daga Rijiyar Zaki ko Mariri ko Rigasa har yanzu a-daidaita-sahu biyu ko uku yake hawa kafin ya isa wurin aiki, kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin mota yake cinye albashi. Abuja ta gina jirgin cikin gari, an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, aka farfaɗo da shi a 2024, sai dai ya nufi filin jirgin sama da Kubwa ta cikin fili, ya bar Nyanya da Karu da Mararraba, inda dubban ma'aikata suke shan azaba kowace safiya. Da masu zana irin waɗannan ayyuka sukan tsaya a layin shiga mota ko da sau ɗaya a shekara, da sun san inda jama'a take.

Ga wanda ya yi niyyar gwadawa, yini ɗaya ba zai ishe shi hanyoyin nan uku ba, ya zaɓi ɗaya. Idan ranar ta faɗo Juma'a, ya tsara tafiyarsa yadda azahar za ta riske shi a Agege, ya yi salla a can, ya ci tuwo a unguwa, ya zauna a rumfar masu goro ya saurara fiye da yadda zai yi magana. Ya tambayi lokacin jirgin yamma tun da ya sauka, saboda idan ya wuce sai gobe. In kuwa ya kuɓuce masa, ya shiga keke zuwa Dopemu a kan titin Abeokuta, inda bas ɗin BRT na Abule Egba, wanda aka buɗe a 2020, zai kai shi Oshodi, daga can kuma akwai motar tsibiri.